Sayen Sabuwar Mota: Haƙƙin Mai Saye Bai Ƙare A Bakin Ƙofar Dillali Ba

In aka ɗauke ginin gida, da wuya a sami wani ciniki da magidanci zai zuba wa dukiyarsa kamar sayen mota. Ma'aikaci yakan shekara goma yana tsimi da tanadi, ɗan kasuwa yakan taɓa uwar kuɗinsa, ƙungiyar direbobi ko ta manoma takan haɗa taro da sisi na mutane masu yawa, duk domin ranar da za a miƙa musu mabuɗin sabuwar mota. Saboda haka abin da yake faruwa tsakanin mai saye da mai sayarwa a wannan rana ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma bai kamata a bar shi a hannun sa'a ba. Abin takaici shi ne, koke-koken da ake ji daga masu sayen sababbin motoci a ƙasar nan sun nuna cewa sau da yawa murnar takan ƙare ne tun kafin a cire ledar kujeru.

Wannan matsala tana da tarihi, kuma dattawa da yawa a Arewa shaidu ne. A shekarar 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot, waɗanda jama'a suka fi sani da Fijo, a masana'antar da ke Kakuri cikin Kaduna, a daidai lokacin da kamfanin Volkswagen ya fara nasa aikin a Legas. Bayan haka aka kafa masana'antun manyan motoci: Steyr a Bauchi, ta Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, da ta Mercedes a Inugu. Zuwan waɗannan masana'antu ya dace da ƙarin albashin Udoji, wanda ya zuba kuɗi a aljihun ma'aikata, ga kuma bashin mota da Gwamnati take ba manyan ma'aikatanta a wancan zamani. Nan da nan masu neman mota suka fi motocin yawa. Fijo 504 ta zama motar ofis da ta gida da ta haya, a-kori-kura kuwa ta zama jakin 'yan kasuwa.

To, amma da yake kaya sun yi kaɗan, sai mai saye ya zama mai roƙo. Mutum yakan biya kafin alƙalami, a rubuta sunansa, ya yi watanni yana sintiri, alhali wanda ya zo bayansa ya san wani ko ya ba da goro ya riga ya tafi da mota. Dokar ƙayyade farashi ta 1977 ta sa motoci da kayan gyaransu cikin jerin kayan da ba a yarda a sayar fiye da kuɗin da hukuma ta yanka ba, tare da sukari da gishiri da madara da kekuna. Duk da haka farashi biyu aka riƙa yi, na takarda da na bayan fage. Darasin da wancan zamani ya bari shi ne, doka ita kaɗai ba ta kāre mai saye in babu mai bin sawunta, kuma in shi mai sayen bai san abin da ta ba shi ba.

Daga 1986, lokacin da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki aka kuma karya darajar naira, sabuwar mota ta fara fin ƙarfin ma'aikaci. Motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, suka cika kasuwa, masana'antun cikin gida kuwa suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Motar da a dā ake saye da 'yan dubban naira ta koma ta miliyoyi. Bayan da aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yuni na 2023, dala ɗaya da ake canzawa a kan wajen naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 cikin 2024, ƙaramar sabuwar mota ta shiga gomman miliyoyi. Masu sayen sabuwa sun ragu ƙwarai. Galibinsu ma'aikatun Gwamnati ne da kamfanoni da bankuna, sai ɗaiɗaikun mutane da ƙungiyoyi. Amma raguwar tasu ba ta rage nauyin maganar ba, sai ma ƙara shi, domin kuskure ɗaya a ciniki irin wannan yana iya cinye abin da mutum ya tara tsawon rayuwarsa, in kuwa Gwamnati ce ta saya, dukiyar jama'a ce ta salwanta.

Kuka na farko da ake yawan ji shi ne na farashi. Mutum zai shiga ɗakin da aka jera motoci, a tarbe shi da fara'a da ruwan sanyi, amma ba zai ga kuɗin ko ɗaya a rubuce ba. Sai an dubi rigarsa da takalminsa kafin a faɗa masa. In an daidaita ya ba da kafin alƙalami, aka ce ya dawo bayan mako uku, yana dawowa sai a ce masa dala ta tashi, sai ya yi ciko. In ya ce ya fasa, a ce kuɗinsa ba sa dawowa, ko kuwa sai an zaftare wani abu. Daɗin daɗawa, akwai kuɗaɗen da ba a ambata sai a ƙarshe: na kawo mota daga Legas, na yin lamba, na shimfiɗar ƙafa, na na'urar bin sawu, har da harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya kamata tun farko a faɗa ko yana cikin farashin ko ba ya ciki. Mai saye da ya riga ya zuba rabin kuɗinsa ba shi da sauran ƙarfin jayayya, kuma masu wannan ɗabi'a sun san haka.

Kuka na biyu ya shafi ita kanta kalmar sabuwa. Ba kowace mota mai sheƙi da leda a kujera ba ce sabuwa fil. Akwai wadda ta shekara biyu tana zaune a fili cikin rana da ƙura, batirinta ya yi sanyi, tayoyinta sun fara tsufa tun ba su taka kwalta ba. Akwai wadda aka riƙa ba mutane suna gwadawa. Akwai wadda ta ƙuje a jirgin ruwa ko a kan tirela aka yi mata fenti aka yi shiru. Mafi muni, akwai wadda aka yi amfani da ita a wata ƙasa, aka mayar da agogon tafiyarta baya, aka sa mata leda. Sayar da irin waɗannan ba laifi ba ne in an bayyana aibinsu an kuma rage kuɗi. Ɓoye aibin shi ne algus, kuma algus bai canza suna ba don an yi shi a ɗaki mai sanyi maimakon a rumfar kasuwa.

Na uku, jama'a da yawa ba su san bambancin dillalin da kamfanin ƙera motar ya amince da shi da wanda ya sayo motocinsa daga Dubai ko Amurka don kansa ba. A ido motocin iri ɗaya ne, wani lokaci ma ta wajen na biyun ta fi araha. Bambancin yana fitowa ne ranar da injin ko giya ya ba da matsala. Kamfanonin ƙera motoci da dama suna ba da garanti na shekara 3 ko tafiyar kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, amma sau da yawa garantin yana aiki ne a yankin da aka ƙera motar dominsa. Motar da aka yi wa wata ƙasa mai sanyi da santsin hanya tana iya zuwa da abin sanyaya inji da matatar iska da ƙafafun da ba su dace da zafin Sakkwato ko ƙurar Maiduguri ba. Bugu da ƙari, in kamfani ya gano lahani ya kira motoci domin gyara kyauta, ta hannun dillalansa yake neman masu su. Duniya ta ga misalin haka a kan jakunkunan iska na kamfanin Takata na Japan, waɗanda suka riƙa fashewa suna watsa ƙarfe, suka halaka mutane, aka kira motoci miliyoyi, har kamfanin ya karye a 2017. Wanda sunansa ba ya cikin littafin kowa, babu mai aiko masa da saƙo.

Na huɗu shi ne takardu. Motar da ba a biya mata cikakken kuɗin fito ba tana iya faɗawa hannun jami'an Kwastan a kan hanya ko da shekara nawa ta yi a hannun mai ita, kuma a lokacin ba dillali za a tsare ba, mai mota da iyalinsa za a sauke a bakin titi. Daga 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, a 2019 kuma jami'an Kwastan suka rufe wuraren sayar da motoci masu yawa domin binciken takardun fito. Waɗannan abubuwa sun isa su nuna cewa kyan wurin ciniki ba ya zama shaidar ingancin takarda.

Na biyar, wanda ya fi damun mutanen Arewa, shi ne abin da yake biyo bayan ciniki. Galibin manyan garejin dillalai suna Legas da Abuja, sai kaɗan a Kano da Kaduna. Mutumin Nguru ko Mubi ko Yawuri da aka gindaya wa sharaɗin cewa garantinsa zai mutu in wani bakanike dabam ya taɓa motar, tilas ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita domin juyen baƙin mai kawai. In ya isa kuma a ce masa kayan gyaran sai an yi odarsu, motar ta kwana wata biyu a gareji, shi kuwa yana biyan bashin banki. Fara'ar da aka tarbe shi da ita ranar saye takan zama "manaja ba ya nan" ranar kuka. Abin da ya sa Fijo 504 ta zauna a zukatan mutane har aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna shekaru da yawa bayan an daina a Faransa shi ne, babu garin da za ta lalace a rasa mai gyara ta ko kayanta. Duk mai kawo sabon samfurin mota ƙasar nan ya kamata ya yi tunani a kan wannan.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba dukan dillalai ne suke da wannan hali ba, kuma su ma suna da nasu kukan. Wanda ya sayo mota da dala, ya biya fito a kan canjin da Hukumar Kwastan ta yi ta sauyawa a farkon 2024, ya kuma ci bashin banki a lokacin da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen wannan shekarar, ba zai iya riƙe farashi ɗaya na tsawon watanni ba. Manufofin Gwamnati ma ba su zauna wuri guda ba. Shirin bunƙasa masana'antar motoci na 2013 ya ɗora wa ƙananan motocin da aka shigo da su a haɗe fito da haraji da suka kai kashi 70 cikin ɗari, domin a ƙarfafa masu haɗawa a gida. Dokar Kuɗi ta 2020 kuma ta zo ta sare harajin daga kashi 35 zuwa kashi 5. Wanda ya zuba jari a kan manufa ta farko, ta biyu ta kayar da shi. Haka kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: akwai masu saye da suke neman a rubuta musu rasit fiye da abin da suka biya, akwai jami'an sayayya na ma'aikatu da ba sa sa hannu sai an ware musu nasu kason, akwai kuma masu sakaci da lokacin juyen mai sa'an nan su zo suna neman garanti. Amma duk waɗannan ba su zama hujjar ɓoye wa mai saye gaskiya ba. Tashin dala yana iya sa mota ta yi tsada, ba ya sa tsohuwa ta zama sabuwa.

Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne doka tana bayansu. Dokar gasa da kāre haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar tarayya da ake kira FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kāre masu saye da aka kafa da dokar soja ta 1992, ta kuma kafa kotu ta musamman domin waɗannan shari'o'i. Dokar ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashin kayan da ya baje, ya ba da takardar shaidar ciniki, ya kuma faɗa a fili in kayan na hannu ne ko gyararru ne. Ta hana bayanin ƙarya ko na yaudara a kan kaya. Ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka kasa cika ingancin da ya dace cikin wata 3 da karɓarsu, a gyara masa, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubutun nan da ake mannawa a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa ba ya soke abin da doka ta bayar.

Saboda haka nauyi na farko yana kan mai saye, domin rigakafi ya fi magani. Kada ya ba da ko kwabo sai an rubuta masa cikakken farashi, da abin da ke cikinsa, da ranar da za a ba shi mota, da abin da zai faru da kafin alƙalaminsa in aka saɓa. Ya biya ta banki, cikin asusun kamfani, ba na wani ma'aikaci ba. Ya nemi shaidar cewa dillalin wakilin kamfanin ƙera motar ne, ya karanta littafin garanti tun kafin ya biya, ya tambayi inda gareji mafi kusa da garinsu yake. Kowace mota tana da lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba da kuma jikin ƙofar direba. Lalle ne ta yi daidai da wadda ke rasit da takardun fito, harafi da harafi. A jikin kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 1223 yana nufin mako na 12 na shekarar 2023. Tayar da ta girmi motar da shekaru abin tambaya ce. Ya duba motar da rana tsaka, ba da magariba ba, ya zo da bakaniken da ya amince da shi, ya tuƙa ta, ya dubi agogon tafiya. Kakanni ba su sayi doki ba sai sun hau shi sun duba haƙoransa, ba su kuma yarda da cinikin biri a sama ba. Har ila yau ya tuna cewa inshorar dole, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 ga motar gida daga Janairun 2023, ɓarnar da ya yi wa wani kawai take biya. Motar gomman miliyoyi tana bukatar cikakkiyar inshora daga kamfani mai rajista.

Nauyi na biyu yana kan dillalai da ƙungiyoyinsu. Ya kamata su gane cewa a kasuwar da masu saye suka yi kaɗan, mutunci shi ne babban jari. Mutumin da aka yi wa gaskiya zai kawo ɗan'uwansa da maƙwabcinsa, wanda aka cuta kuwa zai ba da labari a masallaci da majalisa da wurin ɗaurin aure. Manna farashi a jikin kowace mota, da bayyana shekarar da aka ƙera ta, da ajiye kayan gyaran da aka fi bukata, da buɗe gareji a manyan biranen jihohi, ba alfarma ba ce ga mai saye, hanyar tsira ce ga mai sayarwa. Ƙungiyoyin dillalai su ma su riƙa hukunta na cikinsu da ya ɓata musu suna, maimakon su tsaya sai ranar da hukuma ta rufe musu shaguna su fito suna kuka.

Nauyi na uku, wanda ya fi girma, yana kan hukuma. Doka da ke cikin littafi da Turanci ba ta amfani mutumin da bai taɓa jin labarinta ba. Wajibi ne hukumar kāre haƙƙin masu saye ta riƙa bayyana waɗannan haƙƙoƙi da Hausa da sauran harsunan ƙasa a gidajen rediyo, ta sauƙaƙa hanyar kai kuka ga wanda ba ya kusa da Abuja, ta kuma riƙa sanar da jama'a sakamakon ƙararrakin da ta yanke, domin na baya su ji tsoro. Hukumar bunƙasa masana'antar motoci ta ƙasa ya dace ta fitar da jerin dillalan da aka amince da su, yadda kowa zai iya dubawa kafin ya biya. Hukumar Kwastan ta tabbatar da cewa mai saye yana iya tantance fiton mota da lambar jikinta cikin sauƙi, ba tare da ya bi ta hannun ɗan tsakiya ba. Gwamnatocin jihohi kuwa, da yake suna cikin manyan masu sayen sababbin motoci, su fara da kansu: kada a karɓi motar asibiti ko ta makaranta ko ta safarar jama'a sai da garanti a rubuce da alkawarin kayan gyara. Filayen ma'aikatu da dama cike suke da motocin da aka ƙaddamar da biki, suka mutu cikin shekara biyu saboda rashin wani ƙaramin ƙarfe.

Akwai kuma maganar sayen na gida. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya bukaci ma'aikatun tarayya su fifita kayan da aka yi a ƙasar nan, amma a 2023 jama'a sun ga irin surutun da ya biyo bayan sayo wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motoci na waje. Kamfanin Innoson ya fara fitar da motoci a Nnewi tun 2010, a 2022 kuma aka buɗe sabuwar masana'antar haɗa Peugeot ta Dangote a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. In masana'antun gida suka sami kasuwa, kayan gyara da masu gyara za su matso kusa da mai mota, kuma in ya tashi kuka ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sai dai kishin ƙasa ba zai zama dalilin rufe ido ba. Motar gida ma tilas a auna ta da mudun da ake auna ta waje.

A shekarar 1975 ne motar farko ta fito daga Kakuri. A wancan zamani mai saye ya yi haƙuri domin mota ta yi kaɗan, a yau kuma ana so ya yi haƙuri domin kuɗi sun yi kaɗan. Lokaci ya yi da za a daina ɗora masa haƙurin shi kaɗai. Wanda ya biya kuɗin sabuwar mota ya cancanci sabuwar mota, da takardunta na gaskiya, da mai amsa masa in ta ba da matsala. Dillalin da ba zai iya cika waɗannan abubuwa uku ba, bai kamata hukuma ta bar shi ya ci gaba da karɓar kuɗin jama'a ba.